Ina iyaka tsakanin yi wa Allah biyayya da dogara ga ayyukan Shari'ar Musa?

Baƙuwar Hanya ta rubuta:

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau ina da tambayar da ta hana ni sakat, kuma ina roƙon iyaye da malaman da ke nan su taimake ni da abin da Allah ya sanar da su.

Shekara 19 ke nan da aka yi mini baftisma, kuma tun daga ranar na ƙudura a raina cewa ba zan yi wasa da bin Ubangiji ba. Na sa wa kaina ƙa'idodi: in tashi addu'a kafin gari ya waye, in karanta sura uku na Littafi Mai Tsarki kowace rana, in yi azumi sau ɗaya a mako, in fitar da zakka ba tare da na rage komai ba. Ba wanda ya tilasta mini, ni na ɗora wa kaina. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, ranar da na cika waɗannan abubuwa nakan ji Allah yana murna da ni, in tsaya a gabansa da gaba gaɗi, amma ranar da barci ya sace ni ko na fusata da wani, nakan wuni kamar wadda aka rufe wa ƙofa, ba na iya buɗe baki in roƙi komai sai na yi kwana biyu ko uku ina ƙara azumi da karatu don in gyara abin da na ɓata. Yau wata bakwai ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba. Ikkilisiya ba ta sa ni a ƙarƙashin horo ba, ni ce dai duk lokacin da aka karanta gargaɗin Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 11 game da ci da sha da rashin cancanta sai gabana ya faɗi, in bar gurasar da ƙoƙon su wuce ni.

Kwanan baya na fara sauraron wani mai wa'azi da ke yawan magana a kan alheri. Yana koyar da cewa tunda an gafarta mana zunubanmu duka a kan gicciye, mai bi ba ya bukatar ya sāke furta zunubi, Dokoki Goma ba su shafi Kirista ba, kuma duk mai wa'azin tsarki Bafarisiye ne. Da farko na ji kamar an sauke mini kaya, amma daga baya hankalina ya tashi, domin Yesu da kansa ya ce a Yohanna 14:15 idan muna ƙaunarsa za mu kiyaye umarnansa, Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce.

Tambayata ita ce, ina iyaka take tsakanin biyayyar da Allah yake so da dogara ga ayyukan Shari'a da Bulus ya yaƙa? Ta yaya mutum zai gane wanne yake yi, tunda daga waje kamarsu ɗaya? Kuma in abin da nake yi kuskure ne, in watsar da ƙa'idodina ke nan?

Tsohon Malamin Littafi ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika fito da abin da mutane da yawa suke fama da shi a ɓoye. Zan fara da gaya miki cewa a cikin abubuwa huɗun da kika lissafa babu ko ɗaya da yake mugun abu. Yesu ya tashi da asuba ya yi addu'a, ya yi azumi, ya san Nassi. Matsalar tana a matsayin da kika ba su a tsakaninki da Allah, kuma ke da kanki kin nuna wurin da take, a maganar da kika yi ta kwana biyu ko uku da kike ɗauka kina gyara kafin ki iya yin addu'a. Wannan kwana biyu ko ukun biyan bashi ne. Kina ƙoƙarin biyan abin da Almasihu ya riga ya biya, sa'an nan ki shiga wurin Uba da shaidar biyan a hannunki.

Ki lura da yadda Allah ya jera abubuwa tun a Tsohon Alkawari. Kafin ya faɗi ko ɗaya daga cikin Dokoki Goma a Fitowa 20, sai da ya tuna wa Isra'ilawa cewa shi ne Ubangiji Allahnsu wanda ya fisshe su daga ƙasar Masar, daga gidan bauta. Bai aika musu da dokoki suna Masar ya ce in sun kiyaye su shekara kaza zai zo ya cece su ba. Ya cece su tukuna, suka haye teku, sa'an nan a Sinai ya koya musu yadda 'yantattun mutane suke rayuwa. Haka yake ga Ibrahim. A Farawa 15:6 aka ce ya gaskata Ubangiji, aka lasafta masa wannan adalci ne, kaciya kuwa ba ta zo ba sai a sura ta 17, kuma a kan wannan jerin ne Bulus ya kafa hujjarsa a Romawa 4. A Galatiyawa 3:17 ya ƙara da cewa Shari'ar da ta zo bayan shekara 430 ba za ta soke alkawarin da aka riga aka tabbatar ba.

Abin da ya faru a Galatiya ya cancanci ki zauna a kansa, domin mutanen da suka rikitar da ikkilisiyoyin can ba su yi musun Yesu ba. Sun yarda shi ne Almasihu, sun yarda ya mutu ya tashi. Abin da suka ce kawai shi ne, bangaskiya gare shi mafari ce, amma mutum ba ya cika ɗan Ibrahim sai ya yi kaciya ya bi Shari'ar Musa. A ido ƙaramin ƙari ne, har ma yana kama da ƙwazo. Duk da haka Bulus ya kira shi wata bishara dabam, ya ce in ta wurin Shari'a ake samun adalci, ashe Almasihu ya mutu a banza, ya kuma tambaye su ko bayan sun fara da Ruhu za su ƙarasa da ƙoƙarin jiki. Wannan tambaya ta Galatiyawa 3:3 ita ce taki, 'yata, domin na tabbata ranar da aka yi miki baftisma ba ki kawo lissafin azumi ba, hannu wofi kika zo. Wannan gardama ce ta kai manzanni da dattawa ga taron Urushalima wajen shekara ta 49, inda Bitrus ya tambayi masu neman a yi wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da kakanninsu da su kansu suka kāsa ɗauka, ya ce ta wurin alherin Ubangiji Yesu ne Yahudawa za su sami ceto, daidai da al'ummai.

Kin tambaya yadda za a bambanta abubuwa biyu da suke kama da juna daga waje. Bulus ya bar mana misali da ban san wanda ya fi shi ba. Da ya je Urushalima tare da Titus, wanda Baheleni ne, wasu suka matsa a yi masa kaciya, Bulus ya ƙi, ya ce bai sakar musu ba ko na sa'a ɗaya, don gaskiyar bishara ta tabbata. Amma a Ayyukan Manzanni 16:3 wannan Bulus ɗin ne ya ɗauki Timoti, wanda uwarsa Bayahudiya ce ubansa Baheleni, ya yi masa kaciya saboda Yahudawan da ke wuraren da za su bi. Aiki ɗaya ne, mutum ɗaya ya hana shi a nan ya yi shi a can. Ga Titus, an mai da kaciya sharaɗin karɓuwa a gaban Allah, don haka yarda da ita musun gicciye ne. Ga Timoti, kaciya hanya ce ta kawar da tuntuɓe don bishara ta shiga majami'u, wato aikin ƙauna ne daga mutumin da ya riga ya san an karɓe shi. To azuminki ma haka ne, yana iya zama na Titus, yana iya zama na Timoti, kuma ke da Allah kaɗai kuka san wanne ne. Hanyar da nake gwada kaina ita ce in duba abin da yake faruwa a zuciyata ranar da na kāsa. In baƙin ciki na ji, irin na ɗan da ya ɓata wa ubansa rai, na gudu zuwa wurinsa, to ina tsaye a kan alheri. In kuwa tsoro na ji na ɓuya, irin na bawan da yake jiran a kore shi, to na san na koma dogara ga aikina.

Dattijo Mai Kiwon Garke ya amsa:

Na yarda da abin da Malam ya faɗa, ba ni da abin ragewa. Amma ina so in ja hankalin 'yar'uwarmu a kan mai wa'azin da take saurara, domin kada a gudu ba a tsira ba.

Koyarwar cewa mai bi ba ya bukatar furta zunubi ba ta da tushe. Manzo Yohanna da masu bi yake magana, yana kuma sa kansa a ciki, sa'ad da ya ce in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, in kuwa mun furta zunubanmu Allah mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa tana da roƙon gafara a cikinta, kusa da roƙon abincin yini, wanda yake nuna abu ne na kowace rana. Bulus kansa, wanda ba wanda ya kai shi ɗaukaka alheri, ya hango wannan karkata, shi ya sa ya yi tambaya a Romawa 6:1 ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Yahuza kuma ya yi gargaɗi a kan mutanen da suka saɗaɗo cikin ikkilisiya suna mai da alherin Allah hujjar lalata. Masu wannan koyarwa suna son karanta Afisawa 2:8 da 9, su tsaya a nan, alhali aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi. A Titus 2:11 da 12 alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake horar da mu mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Alherin da ba ya koyar da kowa komai, ba wanda Bulus ya sani ba ne.

Ko Farisiyawan ma, Yesu bai tsauta musu don sun cika biyayya ba. A Matiyu 23:23 ya ce suna fitar da zakkar ƙananan ganyaye, sun bar manyan al'amuran Shari'a, wato gaskiya da jinƙai da aminci, ya ce waɗannan ne ya kamata su yi ba tare da sun bar sauran ba. A Markus 7 ya nuna yadda suke amfani da al'adar keɓe dukiya ga Allah don su kauce wa taimakon iyayensu. Laifinsu shi ne sun zaɓi dokokin da ake iya ƙirgawa kuma mutane suke gani, suka tsere wa waɗanda suke neman zuciya.

Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta a 1937 a kan abin da ya kira alheri mai araha, wato gafara ba tare da tuba ba, da alheri ba tare da almajiranci ba. Ya rubuta haka ne yana ganin ikkilisiyoyi da yawa a ƙasarsa suna wa'azin alheri suna kuma sunkuyar da kai ga mulkin Hitila, kuma a watan Afrilu na 1945 aka rataye shi. A shekarun da na yi ina hidimar dattijo, waɗanda na ga sakaci ya hallaka sun fi waɗanda tsanani ya hallaka yawa. Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki watsar da addu'arki ta asuba. Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gāji ubansa, kuma wanda Allah mai tsarki ya haifa dole a ga kamannin Uban a jikinsa.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Ina neman izinin iyayena biyu da suka riga ni magana in ƙara ɗan abin da na koya daga tarihin ikkilisiya, domin Yaya ta san cewa ba ita ce ta fara tsayawa a wannan mararraba ba.

Tun a ƙarni na biyu wani mutum mai suna Markiyon ya ɗauki maganar alheri har ya kai ga cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam yake da Uban Yesu, ya watsar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikkilisiyar Roma kuwa ta fitar da shi wajen shekara ta 144. Daga ɗaya gefen, a farkon ƙarni na biyar, Pelagiyus, mutumin Birtaniya da ke koyarwa a Roma, ya ga lalacewar halin Kiristocin birnin, ya fara koyar da cewa mutum yana da ikon kiyaye umarnan Allah da ƙarfin da aka halicce shi da shi. Abin da ya fusata shi har da wata addu'ar Agustin, bishop na Hippo, garin da yake a ƙasar Aljeriya ta yau, inda ya roƙi Allah ya ba da abin da yake umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Majalisar Kartaj, wato taron shugabannin ikkilisiya a birnin Kartaj, ta ƙi koyarwar Pelagiyus a 418. Abin lura shi ne niyyarsa ta neman tsarki ce, kuma sau da yawa daga irin wannan kyakkyawar niyya ce dogara ga ayyuka take tsirowa.

Martin Luther, Bajamushen da ya jagoranci gyaran ikkilisiya, ya shiga gidan sufaye a 1505, ya yi ta azumi da tsaro da furta zunubi na sa'o'i, bai sami salama ba sai da ya gane daga Romawa 1:17 cewa adalcin Allah da bishara take bayyanawa kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya. Amma bayan shekaru, da ɗalibinsa Yohanna Agrikola ya fara koyar da cewa ba a bukatar wa'azin Shari'a a cikin ikkilisiya, Luther ɗin ne ya tashi ya yi gāba da shi daga 1537, kuma katekisim ɗin, wato littafin tambaya da amsa a kan bangaskiya, da ya rubuta wa yara da iyaye a 1529 da Dokoki Goma ya fara. Daga wannan zamani ne masu gyaran ikkilisiya suka saba bayyana amfanin Shari'a kashi uku: tana hana mugunta yaɗuwa a cikin jama'a, tana zama madubin da yake nuna wa mutum zunubinsa ya kai shi ga Almasihu, tana kuma nuna wa wanda aka riga aka cece shi abin da yake faranta wa Ubansa rai. Madubi yana nuna datti, amma ba a wanka da shi. Ko a ɓangaren Katolika, Majalisar Trent ta faɗa a 1547 cewa babu abin da ya gabaci baratarwa (wato Allah ya mai da mai zunubi mai adalci a gabansa), ko bangaskiya ko ayyuka, da ya cancanci alherin baratarwa. A ranar 31 ga Oktoba 1999 kuma, a birnin Augsburg na Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar da ta ce ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, Allah yake karɓarmu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zuciya ya kira mu ga kyawawan ayyuka. Akwai sauran bambance-bambance a tsakaninsu, amma a kan wannan sun tsaya tare.

Wanda labarinsa ya fi kama da na Yaya shi ne John Wesley, mai wa'azi ɗan ƙasar Ingila. Tun yana Oxford, shi da abokansa suka tsara wa kansu lokutan addu'a da karatu da azumin Laraba da Jumma'a da ziyarar fursunoni, har aka yi musu laƙabi saboda wannan tsari, laƙabin da ya zama sunan cocin Methodist. Ya haye teku zuwa Jojiya a Amurka don aikin bishara, ya dawo ba shi da tabbacin cetonsa. A ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ana karanta gabatarwar da Luther ya yi wa wasiƙar Romawa, ya sami tabbacin cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa shi kansa. Bayan wannan rana bai daina tashi da asuba ba, bai daina azumi ba, har ƙarshen ransa a 1791. Ayyukan suna nan yadda suke, abin da yake nema da su ne ya sāke.

Abu ɗaya na ƙarshe: mu yi hattara da zagin Shari'a kanta. Bulus ya ce a Romawa 7:12 Shari'a tsattsarka ce, umarnin kuma mai tsarki ne, mai adalci, mai kyau. Marubucin Zabura 119 ya yi aya 176 yana murna da ita, kuma ba muryar bawa ake ji a cikinsu ba.

Uwar 'Ya'ya Huɗu ta amsa:

Baba Dattijo, ka yi mini gafara, a wuri ɗaya ban yarda da kai ba. Ka ce waɗanda sakaci ya hallaka sun fi waɗanda tsanani ya hallaka yawa. Ina ganin dalilin da ya sa lissafin ya fito haka shi ne, wanda sakaci ya kayar ana kawo ƙararsa gaban dattawa, amma wanda dogara ga ayyuka ya cinye yana zaune a layin gaba, ana nuna shi a matsayin abin koyi, ba mai ƙirga shi cikin majinyata. 'Yar'uwarmu ta yi wata bakwai ba ta ci Jibi ba, kuma da ba ta rubuto ba da ba wanda ya sani.

Ni na yi shekaru a cikin wannan hali, kuma nawa ya fi nata muni domin bai tsaya a kaina ba. Ƙa'idodin da na sa wa kaina na mai da su ma'aunin kowa. Nakan lura da wadda ta makara, da wadda ba ta zo addu'ar tsakiyar mako ba, da irin suturar kowace mace, zuciyata tana yi wa Allah godiya irin ta Bafarisiyen Luka 18 cewa ni ba kamar su nake ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A gida ma haka na reni 'ya'yana, har babbar 'yata ta girma tana tsammani Allah kamar ni yake, ba ya murmushi sai an cika sharaɗi. Da ta yi kuskure babba, ni ce ta ƙarshe da ta gaya wa, ta kuma bar zuwa sujada shekara huɗu. Har yau wannan yana ci mini rai.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne babban wan da ke misalin ɓataccen ɗa a Luka 15. Kullum ina karanta labarin a matsayin na ƙanen, sai wata rana na ji abin da wan ya faɗa wa ubansa, cewa shekaru da yawa yana yi masa bauta bai taɓa ƙetare umarninsa ba. Yana cikin gidan ubansa, amma yana ɗaukar kansa ɗan ƙodago mai jiran lada, shi ya sa bikin ƙanensa ya zame masa cin fuska. Uban kuwa ya fito waje ya lallashe shi, ya kira shi ɗa, ya ce duk abin da yake da shi nasa ne. Don haka zan ƙara gwaji ɗaya a kan na Malam: ki duba abin da kike ji sa'ad da Allah ya yi wa wanda bai sha wahalar da kika sha ba alheri. Ma'aikatan gonar inabi na Matiyu 20 da suka fara aiki da sassafe sun karɓi dinarin da aka yi musu alkawari cif, amma suka yi gunaguni don waɗanda suka yi sa'a ɗaya sun sami daidai da su. A kan abubuwan da Nassi bai umarta ba kuwa, Romawa 14 ta ishe mu, inda Bulus ya tambaya wane ne kai da za ka hukunta baran wani.

Dattijo Mai Kiwon Garke ya sāke amsawa:

Mama, kin faɗi gaskiya, kuma na karɓa. Mu dattawa abin da ido yake gani muke bi, kuma na yarda cewa wani lokaci mun yaba wa abin da ya kamata mu yi wa magani. Gargaɗina a kan wancan mai wa'azi dai yana nan, ban janye shi ba.

Baƙuwar Hanya ta sāke rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya sāka da alheri. Maganar Titus da Timoti ta shige ni ƙwarai, kuma na gane azumin da nake ƙarawa bayan na yi laifi na Titus ne. Mama, abin da kika faɗa a kan babban wa ya same ni, domin akwai wata 'yar'uwa da ta dawo ga Ubangiji bara bayan doguwar ɓata, ana murna da ita, ni kuwa na kāsa yin murnar da zuciya ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne maganar Jibin Ubangiji. Baba Malam, in ban cancanta ba, ta yaya zan miƙa hannu ba tare da na jawo wa kaina hukuncin da Bulus ya ambata ba?

Tsohon Malamin Littafi ya sāke amsawa:

'Yata, ki karanta wurin tun daga aya ta 17, kada ki fara daga ta 27. Abin da yake faruwa a Korinti shi ne, masu hali suna riga cin nasu abincin ba sa jiran kowa, wani yana jin yunwa wani ya bugu, ana kunyatar da waɗanda ba su da komai a teburin da ya kamata ya nuna cewa jiki ɗaya ne. Rashin cancantar da Bulus yake nufi yana bayyana yadda suke cin Jibin ne, wato da raini ga jikin Ubangiji da 'yan'uwansu. Bai ce sai wanda ya cancanta zai ci ba, domin da haka ne da ba a taɓa samun mai ci ba. Ki kuma lura da aya ta 28, inda ya ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Gwajin yana kai mutum ga ci ne. A daren da aka kafa Jibin, Yesu ya miƙa ƙoƙon ga Bitrus yana sane cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musunsa sau uku, ya kuma ce jininsa ne da ake zubarwa domin gafarar zunubai.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi. Ki je wurin fastonki ki gaya masa abin da kika gaya mana, domin bai kamata ki ɗauki wannan ke kaɗai ba. Ki nemi 'yar'uwar nan da ta dawo bara, ki gaishe ta, ki zauna kusa da ita ranar Jibi mai zuwa. Ranar da barci ya sāke sace ki, ki yi addu'a a lokacin da kika farka, ki furta abin da yake na furtawa, kada ki ƙara azumi ko na sa'a ɗaya a kansa. Sa'an nan a wannan mako, maimakon sura uku-uku, ki karanta wasiƙar Galatiyawa gaba ɗaya a zama ɗaya, sura shida ce kawai, ki dawo ki gaya mana abin da kika gani a farkon sura ta huɗu, daga aya ta 1 zuwa ta 7.